Akwatunan Durham: Inda Takardun Rabbi Heschel Suka Yada Zango

Garin Durham da ke jihar North Carolina a kudancin Amurka da taba aka san shi. Kuɗin sigari ne ya gina shi, kuma kuɗin sigarin ne ya ɗaga wata kwalejin Kiristoci 'yan ɗariƙar Methodist ta zama Jami'ar Duke a 1924, bayan attajiri James Buchanan Duke ya zuba mata dukiya. Jami'ar ba ta ɗauki baƙar fata a matakin digirin farko ba sai a 1963. To, a ɗakin adana tsofaffin littattafai da rubuce-rubucen hannu na wannan jami'a, wanda ke ɗauke da sunan David M. Rubenstein, ake ajiye da takardun wani Bayahude haifaffen Warsaw, wanda bai taɓa zama malamin jami'ar ba, wanda kuma ya jera kafaɗa da Martin Luther King a tattakin nema wa baƙar fata 'yancin jefa ƙuri'a.

Sunansa Abraham Joshua Heschel. Rabbi ne, wato malamin addinin Yahudu mai ijaza, kuma farfesa a babbar makarantar horar da malaman Yahudawa ta Jewish Theological Seminary da ke New York. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 1972. Shekara arba'in takardunsa suna rufe ga masu bincike, sai a 2012 Duke ta sanar cewa sun shigo hannunta: daftarin kusan duk littattafansa, da takardun da yake tsakuro tunani a kai, da hotuna, da wasiƙun da suka yi musaya da manyan masana addini na zamaninsa irin su Martin Buber, da Reinhold Niebuhr, da Thomas Merton, da Elie Wiesel. Harsuna huɗu aƙalla ke cikinsu: Yiddish, Ibrananci, Jamusanci da Ingilishi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sashen da aka saka su. Ba cikin kundin ilimin addini aka jera su ba, cikin taskar haƙƙin ɗan Adam aka sa su. Wannan zaɓi yana da hujja, amma yana da abin da yake ɓoyewa, kuma sai an bi rayuwar mutumin daga tushe za a ga duka biyun.

An haife shi ranar 11 ga Janairu, 1907, auta cikin 'ya'ya shida, a gidan shehunan ɗariƙar Hasidim, tafarkin ibada da shauƙi da ya ɓullo a gabashin Turai cikin ƙarni na 18. Ta wajen uwa da ta wajen uba duk jikan shehunai ne, kuma sunan wani babban kakansa, shehin garin Apt, aka sa masa. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya rasu. Ya haddace abin da ake haddacewa, ya kai ga ijaza tun gemu bai fito ba, kowa kuma na sa ran shi zai hau buzun gidan. Sai yaro ya ce boko yake so. Ya tafi Vilna, wadda yau ita ce Vilnius babban birnin Lithuania, ya yi sakandare, a 1927 kuma ya wuce Berlin, yana karatun falsafa a jami'a, yana kuma zuwa wata kwalejin nazarin Yahudanci irin na zamani.

Littafinsa na farko, wanda ya fito a 1933, na waƙoƙi ne, da Yiddish. Harshen nan shi ne na cikin gida da na kasuwa a wurin Yahudawan gabashin Turai. Jikinsa daga Jamusanci yake, amma da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu, kamar dai yadda Bahaushe ya ari baƙaƙen Larabci ya rubuta harshensa da ajami. A riƙe wannan, domin yana cikin abin da ke hana mutane da yawa karanta rabin akwatunan Durham.

Kundin digirinsa na uku a kan annabawan Bani Isra'ila ya yi shi, irin su Amos da Ishaya da Irmiya. Tambayarsa ita ce: wane irin mutum ne annabi, me yake ji a ransa? Amsar da ya kawo ita ce ta zama ginshiƙin duk abin da ya rubuta daga baya. A ganinsa, Ubangijin da annabawan nan suke wa'azi da sunansa ba mai kallon duniya daga nesa ba ne, ko a jikinsa. Zaluncin da aka yi wa gwauruwa, da awon da ɗan kasuwa ya tauye, da cin hancin alƙali, duk abubuwa ne da suka dame Shi. Annabi kuwa shi ne wanda wannan damuwa ta kama, har abin da jama'a ke ɗauka ƙaramin laifi ya zame masa bala'in da ba ya barin sa barci. Ba kowa ya yarda ba. Masu tsananta tsarkake Ubangiji daga siffofin halitta sun ga ya yi kusa da iyaka, kuma wani malami ɗan'uwansa Bayahude, Eliezer Berkovits, ya yi masa raddi mai zafi a 1964. Abin sha'awa, Heschel ɗin nan shi ne ya rubuta tarihin Musa ibn Maimun a 1935, malamin Kurɗuba da Alƙahira wanda ya fi kowa tsanani a kan hana siffanta Ubangiji da halin mutum.

Ya yi jarrabawar baka ta digirin a farkon 1933, makonni kaɗan bayan Hitler ya karɓi mulki. Dokar jami'o'in Jamus ita ce ba a ba mutum shaidar digiri sai an buga kundinsa, ga shi kuma ƙofofin maɗaba'a suna ta rufuwa a fuskar Yahudawa. Sai da Cibiyar Kimiyya ta Poland da ke Krakow ta ɗauki nauyin bugawa sannan ya sami takardarsa, littafin kuma ya fito a 1936 da sunan Die Prophetie. A 1937 Martin Buber, wanda ke shirin ƙaura zuwa Ƙudus, ya damƙa masa aikinsa na koyar da manya a Frankfurt.

A ƙarshen Oktoba 1938 gwamnatin Nazi ta tattara Yahudawa kusan 17,000 masu takardun Poland ta watsa su kan iyaka. Da dare 'yan Gestapo, 'yan sandan asiri na Nazi, suka buga ƙofar ɗakin da yake haya. Awa guda aka ba shi. Ya cika akwati biyu, ya ja su zuwa ofishin 'yan sanda, aka cusa su a jirgin ƙasa, ya yi tafiyar kwana uku a tsaye don babu wurin zama. Ya koma Warsaw ya koyar na wasu watanni, yana ta rubuta wasiƙu neman mafita.

Wata 'yar ƙofa a dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 ce ta fitar da shi. Dokar ta ƙayyade adadin mutanen da za su shigo daga kowace ƙasa, kuma kason Poland bai taka kara ya karya ba, amma ta ware limamai da malaman jami'a waɗanda suka yi shekara biyu suna aikin, in har wata makaranta ta kira su. Julian Morgenstern, shugaban Hebrew Union College ta Cincinnati, ya yi amfani da wannan ƙofa ya ceto malamai da dama. Heschel ya bar Warsaw zuwa Landan saura mako shida Jamus ta afka wa Poland, ya sauka New York a Maris 1940. Mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata uku ba su tsira ba. Unguwar Yahudawan Warsaw, waɗanda kafin yaƙi su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin, an mai da ita toka a 1943, har da littattafan da ke cikin gidajenta. Bai sake taka Poland ko Jamus ba har ya mutu.

Cincinnati ta ceci ransa amma ba ta zame masa gida ba. Makarantar ta masu ra'ayin sassauci ce, ba ta damu da dokokin abinci da yake kiyayewa ba, ɗalibai kuma Ibranancinsu bai kai ba. A nan dai ya koyi Ingilishi, ya kuma iya shi har ya zama abin misali. A Janairu 1945 ya yi wata lacca da Yiddish a cibiyar YIVO ta New York kan rayuwar Yahudawan gabashin Turai da ake gamawa da su a lokacin. Da ya kammala, maimakon tafi, jama'a suka miƙe suka karanta addu'ar mamata. Laccar ce ta zama littafin The Earth Is the Lord's. Daga nan ya koma Jewish Theological Seminary a matsayin malamin ladubba da sufancin Yahudu, ya auri Sylvia Straus mai kaɗa fiyano a 1946, suka haifi 'ya ɗaya, Susannah, wadda yau farfesa ce a kwalejin Dartmouth.

Littattafai suka biyo a jere: Man Is Not Alone da The Sabbath a 1951, God in Search of Man a 1955. The Sabbath ƙarami ne, ana iya gama shi a zama ɗaya, kuma shi aka fi karantawa. Hujjarsa ita ce mutanen da aka sha kora daga ƙasa zuwa ƙasa ba a gini suka ajiye tsarkinsu ba, a lokaci suka ajiye shi, a rana guda cikin bakwai da ba a saye, ba a sayarwa, ba a kunna wuta. Niebuhr, babban malamin tauhidin Furotesta na Amurka a lokacin, ya yaba masa a jarida, sunansa ya fita waje. A cikin gida kuwa labari ya sha bamban. Makarantar tasa masana Talmud, wato kundin shari'ar Yahudawa, da nazarin nassi ƙwaƙƙwafi ne ke riƙe da ita, da yawansu kuma kallon mawaƙi suke yi masa, mai daɗin baki, ba malamin fage ba.

Farkon shekarun 1960 ya ɗauko tsohon kundinsa na Berlin ya sake gina shi da Ingilishi, ya faɗaɗa shi, ya fito a 1962 da sunan The Prophets. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa komawar da ya yi ga annabawa na cikin abubuwan da suka tashe shi daga tebur. Wanda ya kwana yana rubuta cewa annabi ba ya iya shiru a kan tauye awo, da wane ido zai kalli ƙasar da ake hana baƙar fata shan ruwa a famfo ɗaya da fari?

A Janairu 1963 aka yi babban taron addinai kan wariyar launin fata a Chicago. Heschel ya buɗe jawabinsa da cewa taron farko irin wannan tsakanin Musa da Fir'auna aka yi shi, kuma har yau ba a tashi ba. A nan suka haɗu da King. Watan Yuni na shekarar, da Shugaba Kennedy ya gayyaci shugabannin addinai Fadar White House, Heschel ya aika masa da waya, kuma bai tsaya godiya ba. Ya nemi shugaban ya ayyana dokar ta-ɓaci ta ɗabi'a, ya kuma ba da shawarar malaman addini su sadaukar da albashin wata guda don gidaje da karatun baƙar fata. Kan malamai 'yan'uwansa ya fara ɗora nauyin kafin ya ɗora wa gwamnati.

Hoton da ya fi yawo an ɗauke shi ranar 21 ga Maris, 1965, a Selma ta jihar Alabama, mako biyu bayan 'yan sanda sun farfasa wa masu tattaki kai a gadar Edmund Pettus. Sahun gaba ne, an saƙala hannu cikin hannu. Ga John Lewis, wanda aka fasa wa ƙoƙon kai a karon farko, ga Ralph Abernathy, ga King, ga Ralph Bunche na Majalisar Ɗinkin Duniya, sai wani dattijo mai farin gemu da farin gashi a hargitse, da tabarau, an rataya masa sarƙar furanni irin wadda aka kawo daga Hawaii. Shekararsa 58, amma sai ka ba shi saba'in. Tattakin ya ci kilomita 87, ya ƙare a Montgomery ranar 25 ga wata, a watan Agusta kuma Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Heschel ya ce a ranar ji ya yi kamar ƙafafunsa ne ke addu'a, maganar da aka maimaita har ta kusa sanƙarewa.

A daidai waɗannan shekaru yana da wani aikin a Rum, wanda ba shi da hoto mai kyau amma ya fi Selma cin takarda. Cocin Katolika na babban taronsa na biyu na Vatikan, kuma Kadinal Augustin Bea ne aka ɗora wa rubuta matsayin cocin game da Yahudawa. Heschel, tare da ƙungiyar American Jewish Committee, ya miƙa wa Bea takardar shawarwari a 1962: a daina ɗora wa Yahudawa gaba ɗaya alhakin gicciye Yesu, wanda Kiristoci suka yi imani ya faru, a kuma daina kallonsu a matsayin mutanen da ake jira su tuba su shiga coci. A 1964 wani daftari ya ɓulla wanda aka mai da maganar fatar shigarsu coci. Heschel ya fito fili ya ce in zaɓi ne tsakanin barin addininsa da sansanin kisan Nazi na Auschwitz, ya zaɓi Auschwitz. Watan Satumba ya gana da Paparoma Paul na Shida. Wasu manyan malaman Yahudawa, cikinsu har da Joseph Soloveitchik, ba su ga dalilin tattauna aƙida da coci ba tun farko, sun kuma ce haka.

Takardar ta fito ranar 28 ga Oktoba, 1965, da sunan Nostra Aetate, babu maganar fatar tuban a cikinta. Ta kuma shafi Musulmi kai tsaye. Bishof-bishof na ƙasashen Larabawa sun ji tsoron a fassara takarda kan Yahudawa kaɗai a matsayin goyon bayan Isra'ila, wannan na cikin dalilan da suka sa aka faɗaɗa ta ta haɗa sauran addinai. Sakin layin da ke cewa coci na girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, masu salla da zakka da azumi, daga wannan ja-in-ja ya fito. Ba Heschel ya rubuta shi ba, amma yana cikin waɗanda suka hana maganar mutuwa a kwamiti.

Sauran shekarunsa yaƙin Biyetnam ya cinye su. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman addini masu adawa da yaƙin a 1965, yana kuma kan dandamali a cocin Riverside ranar 4 ga Afrilu, 1967, da King ya yi tir da yaƙin. Wasu shugabannin Yahudawa sun ji haushi, suna tsoron kada Johnson ya huce a kan Isra'ila. Ranar 25 ga Maris, 1968 ya gabatar da King ga taron malaman Yahudawa, bayan kwana goma aka harbe King a Memphis. Akwai kuma littafinsa na 1969, Israel: An Echo of Eternity, wanda ya rubuta bayan yaƙin 1967. Mai karatun da ya shigo da ciwon Falasɗinawa a zuciya zai tarar da littafin begen Ƙudus ne daga bakin wanda aka kashe wa dangi, ba littafin auna haƙƙin ɓangare biyu ba, kuma yana da damar tambayar inda kaifin idon da ya ga Alabama ya shiga. Irin wannan tambaya ba a amsa ta da hoto. Sai an zauna da daftari da wasiƙu.

Yadda ake zama da su kuwa aiki ne na haƙuri. Idan takardun mutum suka iso irin wannan ɗaki, ma'aikata kan cire allurai da ƙarafunan maƙala takarda masu tsatsa, su zuba komai a fayil da kwali marasa sinadarin da ke cin takarda, su ajiye a ɗaki mai sanyi da aka daidaita laimarsa. Ba su cika wargaza tsarin da mai takardun ya bari ba, domin takardar da ya ajiye kusa da wata tana faɗin wani abu. Daga nan su rubuta jagora, akwati kaza fayil kaza ga abin da ke ciki, su sa a intanet. Mai bincike ya duba jagorar daga gida, ya nemi akwatin da yake so, ya zo ya ajiye jaka da biro a waje, ya shiga da fensir. Fayil ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, a juya takarda a mai da ita yadda aka same ta.

A nan ne nake ganin sunan sashen zai iya yaudarar mutum. Mai Ingilishi kaɗai zai buɗe fayil ɗin Selma da na Biyetnam da na Vatikan, ya fito da ɗan gwagwarmaya mai gemu. Amma aikin da Heschel ya fi zuba wa ƙarfi da Ibrananci ya yi shi: Torah min ha-Shamayim, mujalladi uku, na farko a 1962, na biyu a 1965, shekarar Selma ke nan, na uku kuma sai bayan rasuwarsa. A ciki ya bi saɓanin makarantu biyu na malaman ƙarni na biyu, ta Rabbi Akiva mai ganin asiri a kowane baƙi na Attaura, da ta Rabbi Ishmael mai cewa da harshen mutane Attaura ta yi magana. Amsa ce ga abokan aikin da suka raina iliminsa, kuma masu Ingilishi ba su same ta ba sai da Gordon Tucker ya fassara ta a 2005. Aikinsa na ƙarshe kuwa, bayan bugun zuciyar da ya kusa kai shi a 1969, mujalladi biyu ne kan shehin Kotzk, Menachem Mendel, mutumin da ƙin ƙarya ya sa ya kulle kansa a ɗaki shekara ashirin. Da Yiddish ya rubuta shi, yana sane cewa yawancin masu karanta harshen an kashe su. Mutum ɗaya ne ya yi tattakin ya kuma yi waɗannan littattafai, a shekaru ɗaya, a kan tebur ɗaya, kuma duk wanda ya raba su biyu bai fahimci ko ɗaya ba.

Hujjar Duke ta saka takardun a taskar haƙƙin ɗan Adam dai tana nan a ɗakin, a wasu akwatunan da suka riga na Heschel isowa. Na ɗalibinsa ne Marshall Meyer, wanda ya yi karatu a gabansa a New York, ya tafi Buenos Aires a 1959, ya kafa makarantar horar da malaman Yahudawa ta Latin Amurka a 1962. Da sojoji suka ƙwace mulkin Ajantina a 1976 suka shiga sace mutane, Meyer ya riƙa bin gidajen yari yana neman fursunoni, yana karɓar iyayen da 'ya'yansu suka ɓace, yana caccakar gwamnati daga kan mumbari. Ɗan jarida Jacobo Timerman, wanda aka azabtar a tsare, ga Meyer ya sadaukar da littafinsa. Da mulkin farar hula ya dawo a 1983, Shugaba Raúl Alfonsín ya sa Meyer a hukumar binciken waɗanda aka ɓatar, shi kaɗai ne ba ɗan ƙasar ba a cikinta. Rahoton hukumar na 1984 ya tattara sunayen mutum kusan 9,000.